Yadda ake gane inda za a sa expel, eject, evict, deport, oust da sauran kalmomin kora na Turanci

Wani yaro cikin masu zuwa lesin wajena da yamma, lokacin muna shirin WAEC, na ba su aikin gida kowa ya rubuta wasiƙa zuwa ga kawunsa, sai ya kawo min tasa a ciki ya rubuta wai "our landlord has deported us". Na ce masa to malam, Chadi ya kai ku ko Kamaru? Aji ya kwashe da dariya, shi kuwa gogan naka ya kafe wai ai a dikshinari ya gani, kora dai ai kora ce. Kuma in ka duba ba laifinsa ba ne sosai, haka ƙananan ƙamus ɗin nan suke yi, su jero maka kalma biyar shida a gaban "kora" su bar ka da su, ba mai gaya maka wacce ake sawa a ina, sai yaro ya ɗauki wadda ta fi masa daɗin faɗa a baki.

Abin da na ce musu ran nan shi ne ai mu ma a Hausa ba kalma ɗaya gare mu ba. Ka taɓa jin an ce an tuɓe rawanin ɗan haya? Ko an tsige ɗalibi daga makaranta, ko an tasa ƙeyar kaset daga rediyo? Ɗan haya tashinsa ake yi, sarki a tuɓe shi, gwamna a tsige shi, gwamnati a hamɓarar da ita, baƙon haure a tasa ƙeyarsa, majinyaci a sallame shi, ruwan kurkure baki a furzar. Ba wanda ya zaunar da kai ya koya maka wannan, kunnenka ne ya saba tun kana goye. To Turanci ma haka yake, kowace kalma da mazauninta, tunda kuwa ba a cikinsa muka tashi ba dole sai an bi ta wata hanya. Ni tambayoyi nake sa ɗalibaina su yi wa jimlar, ɗaya bayan ɗaya, kafin su ɗora biro a takarda.

Mataki na 1: mutum ake fitarwa ko abu?

Wannan ba ta cin minti ɗaya. Evict, deport, oust, depose, na mutane ne. Emit, exude, extrude, excrete, na abubuwa ne. Akwai guda uku 'yan ko'ina da ina, expel da eject da discharge, su suna hawa kan mutum suna hawa kan abu, kuma su suka fi rikita mutane, don haka za ka ci karo da su sau biyu a ƙasa.

Mataki na 2: in mutum ne, daga ina aka fitar da shi?

Nan fa aikin yake, in ka kama wannan ka kama kaso mafi tsoka. Wurin da aka raba mutum da shi, shi ke zaɓa maka kalmar. Ka fara gano sunan da zai zo bayan from, in ka samo shi kalmar da kanta za ta zo.

In gidan haya ne ko shago ko gona ko filin da mutum yake zaune a kai, evict ake cewa. The landlord evicted us, abin da yaron nan yake nema kenan. Kalmar tana da ƙanshin kotu a jikinta, asalinta ma daga Latin ne inda take nufin cin galaba a kan wani, wato ka yi nasara a shari'a ka karɓe abinka. Shi ya sa da ka ji eviction sai ranka ya ba ka akwai notis, akwai alƙali, akwai ma'aikatan kotu da suka zo fitar da kaya. A dokar Abuja misali, in ba wata yarjejeniya daban aka rubuta ba, mai biyan haya shekara-shekara notis ɗin wata 6 ake ba shi, mai biyan wata-wata kuma wata 1, in ya ƙare bai tashi ba a ƙara masa na kwana 7 sannan a tafi kotu. Maigidan da ya tsallake duk wannan ya zo ya yaye kwano ko ya watso maka kaya waje ya garƙame ƙofa, shi ma evict ɗin za ka ce, sai dai ka liƙa masa illegally ko forcibly. Gwamnati ma tana yi, da aka rushe Maroko a Legas a Yulin 1990 zamanin gwamnan soja Raji Rasaki mutane wajen 300,000 aka tasa, kuma har yau forced eviction ake kiran abin. Jaridun Najeriya suna yawan rubuta "landlord ejects tenant", kuma lauyoyinmu ma suna faɗa, kowa zai gane ka in ka ce haka, amma a jarrabawa in aka ajiye maka evict da eject a gaban tenant, ɗauki evict ka wuce.

In makaranta ce ko jam'iyya ko ƙungiya, wato wurin da sunanka yake cikin rajista, expel ne. An goge sunan, an raba gari. He was expelled from school for cheating. Zamanin rikicin santsi da taɓo a PRP da ɓangaren Malam Aminu Kano ya sanar da korar gwamnoninsa biyu, Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna, expelled from the party kenan, kuma ka lura korar jam'iyya ba ta taɓa musu kujera ba, suna nan a gidan gwamnati abinsu. Sai dai a harkar makaranta a yi hattara, don mu komai kora muke ce masa. Yaron da aka koro kuɗin makaranta ba expelled ba ne, he was sent home, gobe in uban ya biya zai koma aji. Wanda aka ce ya zauna a gida sati biyu suspended. A jami'o'inmu akwai rusticated, wannan dakatarwa ce ta zango ɗaya ko biyu sannan a dawo, kalmar daga tsofaffin jami'o'in Ingila muka gado ta, asalinta a tura ɗalibi ƙauye ya je ya huce. Wanda makinsa ya gaza kuma withdrawn ake rubuta masa, shi bai yi laifin komai ba karatun ne ya ƙi. Na taɓa ganin wata uwa ta kwana kuka don an fassara mata rusticated da "an kore shi", alhali zango ɗaya ne kawai yaron zai yi a gida.

In ƙasa ce, to gyara zama, don nan kalmomin suka fi yawa kuma kowacce da hukuncinta.

Deport na baƙo ne, wanda ba ɗan ƙasa ba, hukumar shige da fice ta kama shi ba takardu ko ya aikata laifi, ta sa shi a jirgi ko mota ta mai da shi inda ya fito. 'Yan uwanmu da ake kamowa a Saudiyya ba igama a sauke su a Kano, they were deported. Ba a deport ɗin ɗan ƙasa, kuma muna da misalin da ya fi kowanne a nan gida. A Janairun 1980 gwamnatin Shagari ta ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Borno ɗan GNPP, ta tsallaka da shi Chadi, kuma kafin ta yi hakan sai da ta fara cewa ai shi ba ɗan Najeriya ba ne, don in ɗan ƙasa ne kalmar ba za ta zauna ba balle aikin. Kotu a Maiduguri ta ce ɗan Najeriya ne, ya dawo gida. Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ma ya faɗa ƙarara cewa ba a korar ɗan Najeriya daga Najeriya.

Expel shi ma yana shigowa nan ta ƙofa biyu. Ta farko jakadu da ma'aikatan ofishin jakadanci, su ba a ce musu deport, ana ba su wa'adi ne su tattara nasu ya nasu. Da sojojin Nijar suka ba jakadan Faransa Sylvain Itté awa 48 a Agustan 2023, expel jaridu suka rubuta, ko da yake sai ƙarshen Satumba ya bar Yamai. Ta biyu korar jama'a jimla, da sanarwa ɗaya. Idi Amin ya ba 'yan Asiya kwana 90 su bar Yuganda a 1972. Gwamnatin Busia a Ghana ta fito da dokar baƙi a Nuwamban 1969 ta ba marasa takardu sati biyu, abin da ya taɓa Yarbawa da Hausawan zango da yawa, sai mu ma a Janairun 1983 muka yi irin tamu, 'yan Ghana kaɗai wajen miliyan 1 suka tafi, har jakar nan ta samo sunan Ghana Must Go. Duk waɗannan mass expulsion aka fi ce musu, in ka ce mass deportation ma ba ka yi kuskure ba, a nan kam kalmomin biyu sun yi canjaras.

Extradite kuma miƙa wanda ake tuhuma ne ga ƙasar da take nemansa, kotu zuwa kotu. James Ibori daga Dubai aka miƙa shi Ingila a 2011, he was extradited. Labarin Umaru Dikko nake ba ɗalibai don ya tara kalmomin a waje ɗaya: bayan juyin mulkin Disamban 1983 yana Landan in exile, a Yulin 1984 aka sace shi aka cusa a akwati aka gano shi a filin jirgin Stansted, wannan abducted ne, Ingila ta fusata ta kori jami'an jakadancin Najeriya biyu, expelled, shi kuma ba ta miƙa shi ba, he was never extradited. Kalma huɗu a labari ɗaya kuma ba wadda za ta ari rigar wata.

Banish na masu mulki ne, a yanke wa mutum hukuncin barin garinsu a ajiye shi wani wuri mai nisa, kuma ba sai an fitar da shi daga ƙasar ba, wanda shi ne babban bambancinsa da deport. Mu 'yan Arewa mun san wannan sarai. Turawa sun kai Sarkin Kano Alu Lakwaja bayan 1903, Abacha ya sa an kai Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki Zing a Taraba a 1996, ranar 9 ga Maris 2020 aka kai Sarki Muhammadu Sanusi II Loko sannan Awe a Nasarawa. Exile ɗan'uwansa ne na jini, amma shi mutum yana iya kai kansa, Ojukwu went into exile a Kwaddibuwa a 1970 ya zauna har 1982, ba wanda zai ce ya yi banish ɗin kansa.

Biyun da ba kora ba ne amma ake cusa su cikin kora: repatriate, mai da mutum ƙasarsa, sau da yawa ma da yardarsa kamar waɗanda ake kwasowa daga Libiya, da evacuate, kwashe mutane don ceton rai, kamar ɗalibanmu da aka kwaso daga Sudan da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. In ka rubuta deported a kan ɗaliban nan ka yi musu ƙazafi.

In kujerar mulki ce, oust shi ne uwa, ana furta shi "aust". Yana ɗauke da ma'anar an yi kokawa an ture mutum wani ya haye, ko da bindiga ko da ƙuri'a ko da makircin cikin gida. Gowon was ousted ranar 29 ga Yulin 1975 yana taron ƙasashen Afirka a Kampala, Bazoum was ousted ranar 26 ga Yulin 2023. Sarki kuma deposed ko dethroned, tuɓe rawani kenan. Gwamnati gaba ɗayanta overthrown ko toppled. Wanda aka kayar a zaɓe yana kan kujera unseated. Sai impeach, wanda masu fassara labarai suke faɗawa raminsa kullum. A bakin 'yan Najeriya impeach tsigewa ne an gama, kamar yadda majalisar Kaduna ta yi wa Balarabe Musa a Yunin 1981. A Amurka kuwa tuhuma ce kawai da majalisar wakilai take yi, sai majalisar dattawa ta yi shari'a ta samu kashi biyu cikin uku kafin a sauke mutum, shi ya sa Trump aka yi masa impeach har sau biyu, 2019 da 2021, ba a kuma tsige shi ko sau ɗaya ba. Wanda ya fassara wannan da "an tsige Trump" ya ba da labarin abin da bai faru ba.

In wurin aiki ne, dismiss a takarda, sack a bakin 'yan Ingila da mu, fire a bakin Amurkawa, duk korar laifi ce, kuma a aikin gwamnati wanda aka yi wa dismissal yana rasa fansho da garatuti. In kamfani ne ya rage ma'aikata don ba kuɗi, laid off ko retrenched. A tankaɗe da rairayar Murtala ta 1975 da ta ci ma'aikata sama da 10,000, wasu dismissed ne wasu compulsorily retired, kuma iyalansu sun san bambancin a tukunya. Discharge na soja ne da asibiti da kotu, sallama ce, tana iya zama ta alheri.

Mataki na 3: in ka tsaya tsakanin expel da eject, tambayi me mutumin ya rasa

Eject asalinsa jifa ne, a ɗauke ka cak a yi waje da kai yanzu-yanzu, daga wurin da dama na ɗan lokaci ka shiga, zauren taro, filin ƙwallo, jirgi, gidan biki. Jikinka aka fitar, sunanka yana nan. Expel asalinsa korawa ne irin ta makiyayi, kuma abin da ake raba ka da shi matsayi ne. Ɗan majalisar da ya ta da hayaniya kakaki ya sa sajan ya fitar da shi, ejected from the chamber, gobe zai dawo ya zauna kujerarsa. Ɗalibin da aka kama da satar amsa, ranar an yi masa eject daga ɗakin jarrabawa, bayan wata biyu kwamiti ya zauna ya yi masa expel daga makarantar. To gwajin shi ne ka ce gobe in ya dawo mai gadi zai bar shi ya shiga? In zai bar shi, eject. In sai an sake ɗaukarsa sabo, expel.

A ƙwallo kuma kada ka sa ko ɗaya in Turancin Ingila kake bi. Jan katin da Sani Kaita ya karɓa a wasanmu da Girka a gasar cin kofin duniya ta 2010, wanda har yau in na tuna sai raina ya sosu don muna gaba da ci ɗaya aka ba shi, he was sent off. Amurkawa ne suke cewa ejected a wasanninsu irin ƙwallon kwando.

Mataki na 4: in abu ne, duba yadda yake fita

Nan hukuma da takarda ba su da aiki, yanayin fitar kake kallo.

In fit ɗaya ne da ƙarfi, kamar an cillo shi, eject. Maɓallin nan na rediyon kaset da muke dannawa ƙofar ta ɓallo, eject ne a rubuce a kai, haka allurar cire sim, haka in za ka zare filas daga kwamfuta, haka kwanson harsashi in bindiga ta tofo shi. Wanda mota ta yi hatsari ta cillo shi waje don bai ɗaura bel ba, he was ejected from the car. Matuƙin jirgin yaƙi ma in ya ga ba dama sai ya yi eject, kuma a nan kalmar ba ta buƙatar komai a bayanta, the pilot ejected, shikenan.

In daga cikin jiki ko wani abu mai rami ake matso shi waje, expel. Huhu yana expel ɗin iska, bayan haihuwa mahaifa tana expel ɗin mabiyiya, maganin tsutsar ciki yana expel ɗin tsutsa, nas kafin ta yi maka allura tana ɗan danna sirinji ta fitar da iska, expel the air.

In abin yana fita ne haka kawai ya bazu, haske ko ƙara ko zafi ko hayaƙi ko wari, emit. Janareto emits smoke, ba wanda ya tilasta wa hayaƙin. In a hankali yake tsattsafowa kamar ƙaro a jikin dakwara, exude, asalin kalmar ma gumi ne, kuma ana ara wa mutum, she exudes confidence, wato kana ganinta ka ga wadda ta yarda da kanta. In ana tura abu ta ƙaramin rami ya fito da siffar ramin, extrude, kuma duk wanda ya taɓa murza injin taliya 'yar murji ko ya ga yadda ake yin bututun roba ya riga ya san ma'anarsa. In kuwa daga waje ake jawo abin, extract, likita ya cire haƙori, mata su matse mai daga tunkuza. Expel turowa daga ciki, extract jawowa daga waje, ko da yake injin matsar man gyaɗa oil expeller sunansa, Turanci dai ba ya rasa irin wannan.

'Yan ajin kimiyya ku kuma ga naku, don yana fitowa a bayoloji. Excrete fitar da dattin da jiki ya samar da kansa, fitsari da gumi da iskar da muke fitarwa. Secrete fitar da ruwa mai amfani, yawu ko insulin. Bayan gida kuwa a littafinku egest ne, tunda ragowar abinci ne da bai taɓa shiga jini ba. Ruwan da ke fita daga gyambo ko masana'anta take zubarwa a kogi, discharge.

Sannan a kula da 'yan ɗakin expel masu kama da shi a fuska. Dispel na jita-jita ne da shakka da tsoro, dispel the rumour, kawar da shi. Repel mai da hari ne, sojoji sun fatattaki maharan da suka zo, ko maganin sauro ya hana shi matsowa. In sojojin ne suka bi su har maɓoyarsu suka tashe su, dislodge ko flush out za ka gani a sanarwar. Mutanen ƙauyen da rikicin ya raba da gidajensu displaced. Aljani kuma cast out ko exorcise, kaji a tsakar gida shoo away.

Mataki na 5: da wa kake magana?

Duk kalmomin nan na sama na takarda ne, jarida da jarrabawa da wasiƙar ofis. A hira Bature kick out zai ce ko throw out, kuma su biyun nan suna rufe kusan komai, gida, makaranta, jam'iyya, ƙasa, kamar dai mu ce an yi waje rod da shi. Don haka in kana magana kalma ta ɓace maka, ka ce kicked out ka ci gaba, ba wanda zai ɗaga gira. A takardar WAEC ko takardar neman aiki ne ba a so. Force out kuma na wanda aka matsa wa lamba ne har ya ajiye da kansa, a takarda murabus ya yi, kowa kuma ya san abin da ya faru.

Abin da nake roƙo a bari shi ne pursue. "They pursued him from the house" Turancinmu ne na gida, a wajen mai harshen pursue bin mutum ne a baya kana son ka kama shi, ka ga kusan kishiyar kora kenan. Chased him out za ka ce.

Mataki na 6: gyara jikin jimlar

Ka samu kalmar, saura kada ka ɓata ta a rubutu. Kada ka ƙara out a bayan expel ko eject ko evict, e ko ex ɗin da ke farkonsu dama "waje" yake nufi, expel out kamar ka ce fita waje waje ne. From suke ɗauka. Deport da banish da extradite suna ɗaukar from suna ɗaukar to, tunda akwai inda za a kai mutum, deported from Saudi Arabia to Nigeria. Oust yana ɗaukar from in kujerar za ka ambata, as in muƙamin ne, ousted from office, ousted as chairman.

Expel in ya koma baya l biyu ne, expelled, emit t biyu, emitted, amma ejected da evicted ba a ninka musu komai. Sunan aikin expel shi ne expulsion, ba expellation ba, na sha ganin wannan a takardun yara har na gaji da jan layi. Sauran eviction, ejection, deportation, banishment, dismissal, emission, na oust kuma ouster. A kula da deport da depart, harafi ɗaya ne tsakani, ɗaya an tasa ƙeyarka ɗaya kai ka kama hanya. Galibin kalmomin koran nan kuma a sigar "an yi masa" suke zuwa, was expelled, was evicted, in ka manta was ɗin ka rubuta he evicted from the house ka mai da ɗan haya maigida.

Mataki na 7: gwada kanka

Ɗauki waɗannan ka juya su kafin ka leƙa amsa. An kori wasu 'yan kasuwa daga rumfunansu bayan hukuncin kotu. Aljeriya tana jibge 'yan ci-rani a kan iyaka kusa da Assamaka. An fitar da wani ɗan kallo daga fili don ya yi jifa. Uwar jam'iyya ta kori shugabanta na jiha daga muƙami amma yana nan a jam'iyyar. Tsohon firij ɗin yana fitar da wata irin ƙara.

Ta farko evicted, akwai rumfa akwai kotu. Ta biyu expels ko deports duk sun zauna, ƙungiyoyin agaji sun fi cewa expel don jimla ake kwaso mutanen ba a bi ta kansu ɗaya-ɗaya ba. Ta uku ejected. Ta huɗu ita ce tarkon, mutum na ganin jam'iyya sai hannunsa ya tafi kan expel, alhali kujera aka raba shi da ita katinsa na aljihu, don haka removed ko ousted as chairman. Ta biyar emits.

Bayan wannan abin da nake sa ɗalibai su yi sati biyu shi ne su ware shafi ɗaya a bayan littafi, duk labarin kora da suka ji a rediyo da Hausa su nemo shi a jaridar Turanci ta ranar, su kwafe jimlar ɗungurungum, kalmar da abin da ke gabanta da abin da ke bayanta. Kada a rubuta "evict, kora" a wuce, a rubuta evicted from his shop, expelled from the party, ousted in a coup, don kalmar da maƙociyarta ake haddace su tare. In shafin ya cika a rufe gefen Turancin da hannu a gwada dawo da shi daga Hausar, wanda aka faɗi a kansa a sa masa alama a sake shi washegari.